Maganin Habu

Makon jiya ɗaya daga cikin 'yan matan da majami'armu ta turo mini su koyi aiki ta tsaya a kaina ina juya waken suya a kasko, gumi yana bin bayana, ta ce, "Mama, ai wannan aikin bilenda ne, minti goma an gama." Blessing sunanta. Yarinyar kirki ce, sai dai farcenta ya kusa tsawon cokalin shayi. Na miƙa mata muciya na koma inuwa. Kafin minti goman nata ya cika ta ƙone mini rabin mudu, ta haɗa da gefen zaninta. Saboda ita da ƙawayenta na ce bari in zauna in faɗi yadda aikin nan yake, tunda na ga sun ɗauka gari ne kawai ake zubawa a leda a ɗauki hoto da waya.

Sunana Rahila, amma a Suleja in ba ka ce Maman Dauda ba, ba wanda zai nuna maka ni. Daga wani ƙauye na wajen Gawu Babangida aure ya kawo ni garin nan. Aikina haɗa garin kunu, wanda matan majami'armu suke rabawa kyauta kowace Laraba ga yaran da suka rame da matan da ciwo ko haihuwa ta kayar. Na haura shekara ashirin ina yinsa.

Wadda ta koya mini, marigayiya Mama Saratu, sai da na yi wata uku a hannunta ban taɓa kasko ba. Tsinta kawai. Za ta zubo mini gero a faifai, ta jefa ƙananan tsakuwa uku a ciki, ta motsa da yatsa, ta tafi harkarta. In ta dawo sai in miƙa mata tsakuwarta uku cif. Idan biyu na kawo, ba faɗa ba zagi, sai ta juye wanda na gama cikin wanda ban fara ba. Ranar da na kawo mata huɗu ina murna, cewa ta yi ashe dama akwai wadda ba ta sani ba, in sake dubawa ko tana da 'yan'uwa. Dalilinta shi ne, tsakuwa in ta shiga inji ƙasa take zama, yaron da dama ba ya son cin abinci kuwa in ya ji garas a bakinsa sau ɗaya, ya rufe bakin ke nan, sai ki yi kwana uku kina lallashi.

Kayan aikin ba su da yawa: kasko, muciya, faifai, rariya, turmi, mudu. Sai hanci da haƙori, waɗanda ba a saya a kasuwa. Gero mudu shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya, da 'yar citta don ƙamshi. Kowanne dabam ake soya shi, domin ba halinsu ɗaya ba. Gero wuta kaɗan yake so da hannu mara tsayawa. Gyaɗa da rairayi ake soya ta, a murje, a bushe ɓawon. Wake shi ne mai wuyar sha'ani. Sai an jiƙa, an wanke, an shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya, a ɓarza a turmi, a bakace. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza: in ta ce ƙas ta rabe biyu, cikinta ya yi ja-ja, sauke. In da sauran ɗanye, kin aika wa yaro kumburin ciki da gudawa har gida. In ya zarce, ɗaci. Tsakanin ɗanyen da ƙonannen bai fi a amsa sallama a ƙofa a dawo ba, shi ya sa in ina kan kasko ko fasto ne ya zo sai dai ya jira.

Wani niƙa da ba na mantawa, a shekarata ta farko ne. Na yi lattin zuwa inji, na tarar da layi, na ajiye buhuna na tsaya hira. Ban lura ba ashe wadda ke gabana barkonon yaji ta kawo. Ranar Laraba muka dama na gwaji muka bai wa yara, wuri ya kaure da kuka, iyaye suna fifita musu baki da gefen mayafi. Wata tsohuwa ta kurɓa ta ce wannan ai na masu jego ne, a ba ta ta tafi da shi. Mama Saratu ta yi dariya har da hawaye, sannan ta sa na sake soya wani daga farko. Tun ranar ni ce ta farko a bakin inji, mai injin ma ni yake tararwa in ya zo buɗewa, kuma sai ya wanke a gabana. In an niƙo, a baza ya huce sarai kafin a tankaɗe a ɗaure. Gari mai ɗumi in ya shiga leda gumi yake yi, kwana huɗu ya yi hunhuna.

Masu zuwa wurinmu yawancinsu Musulmi ne, matan mutanen da suka zo daga arewa suna aiki a Abuja suna haya a nan, masu gadi, leburori, masu tura ruwa. Mijin ya fita tun asuba, wani ma sai ƙarshen mako ake ganinsa. Da yawansu ba sa son shiga harabar majami'a, mu kuma ba mu taɓa cewa dole ba. Teburinmu a bakin ƙofa yake ta waje, ƙarƙashin mangwaro, a reshensa nas ɗinmu take rataya sikeli. Addu'armu muna yinta a kicin kafin su iso, su kuma in za su ba yaro su yi bisimillarsu. Kowane yaro yana da kati, ana auna nauyinsa, a kuma zagaya damtsensa da wani ɗan tef mai launi uku. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa ba wasa.

A teburin nan ne, ran Larabar nan da ta wuce, Blessing ta zo mini tana huci, wai wata mata daga unguwar Hashimi ta kawo yaro a rame, an tambaye ta sunansa ta yi shiru tana kallon ƙasa. "Mama, wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba?" Na ce ta zauna. Irin wannan maganar na taɓa yi, kuma ta kusa cin ran yaro.

A wata shekarar wahala ne. Ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗar wajenmu ta fito ɓawo ba 'ya'ya, wake ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, mutanen ƙasar waje da suke aiko wa majami'a taimako su ma suka aiko da takardar ban haƙuri. Abin da matan zumunta suka iya tattarowa daga rumbunansu da shi muke aiki. Muka daina ba masu rawaya, sai masu ja kaɗai. Duk ledar da na miƙa wa wata, na san akwai wadda na ce wa ta dawo mako mai zuwa, kuma ni ce mai faɗin hakan da bakina. Zuciyata ba ta da tsawo ko a shekarar ƙoshi, balle wannan.

Cikin haka wata maƙwabciya ta rako wata yarinya, Binta, daga unguwar Chaza. Ba ta fi shekara goma sha tara ba, ta tashi daga doguwar jinya, nono ya ƙafe, ita kanta iska tana iya ɗaukarta. Yaron ya kai shekara ɗaya da rabi, amma ko zama sai an tallafe shi. Na tambayi sunansa, ta sunkuyar da kai. Maƙwabciyar ce ta ce Abubakar, ana ce masa Habu. Tef ya nuna ja. Muka ba ta leda biyu, ɗaya tata ɗaya tasa, na nuna mata yadda ake damawa da kauri, sau uku a rana.

Mako ɗaya, biyu, uku, huɗu, allurar sikeli tana wuri ɗaya kamar an kafa ta da ƙusa. A na huɗun nas ta danna ƙafar yaron da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ja ni gefe ta ce kumburi ya fara, in aka ƙara mako biyu a haka, ba ta jin ko asibiti zai iya. Ni kuma ina lura da Binta tun farko. Sauran mata suna wasa da 'ya'yansu a layi, ita ko kallonsa ba ta yi, in ya yi kuka sai ta miƙa wa ta kusa da ita. Na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci. A gaban mata sun fi ashirin na ce mata in sayar da garin take yi ta gaya mini, in ba wa waɗanda suke son 'ya'yansu. Ta goya shi ta tafi, ko ledar ba ta ɗauka ba.

Larabar da ta biyo ba ta zo ba. Mama Saratu, wadda a lokacin ƙafa ta fara hana ta yawo, ta duba katin ta dube ni, ta ce hannuna ya iya aiki, bakina ma ya iya fiye da kima, saura ƙafata. Ta ce in ɗauki tef da leda in nemo gidan, kada in dawo mata da labarin ban gane kwatance ba.

Da hantsi na isa. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, rijiya ɗaya a tsakiya, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Na tarar da Binta a kan kujera 'yar tsuguno tana dama ragowar garin da ya rage mata, ƙamshi ya cika gidan. Yara bakwai sun jeru a gabanta, kowa da kofinsa. Ta zuba wa wannan, ta zuba wa wancan, har ta kai ƙarshe. Sannan ta kankare gindin tukunyar, abin da bai fi cokali uku ba, ta miƙa ta bayanta inda Habu yake jingine da bango, ba tare da ta waiwaya ba. Na buɗe baki zan fara, sai na ji murya daga inuwar zaure.

"Ke baƙuwa, a garinku ba a gaida mutane?"

Hajiya Asabe ce, mai gidan, 'yar asalin Suleja, tsohuwa mai jiki da kaifin ido, tana zaune a tabarma kusa da wani ƙaton kasko da aka kife. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi daga inda nake. Ta ce ta sani, labarin bakina ya riga ni isowa. Ta sa na zauna, ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro ƙirga. Habu ɗan fari ne. A garin su Binta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta fifita shi, kunya ce da tarbiyya. Can gida da tuni kakarsa ta ɗauke shi tana ɗura masa abinci, a nan kuwa babu kaka. Kuma wata biyun da Binta ta yi a kwance, iyayen yaran nan bakwai ne suka yi mata wanki, suka ɗebo mata ruwa, suka goya ɗanta. Yau ta samu abu mai ƙamshi, sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ita da ɗan fari?

Na san da zancen kunyar ɗan fari, na zauna da Hausawa. Amma na ɗauka a suna kawai take tsayawa, ban san tana bin mutum har cikin tukunya ba. Binta ta matso ta tsuguna nesa kaɗan, ta ce da ƙaramar murya, "Anti, wallahi ban sayar ba. Da wane ido zan kalle su? Shi kuma yaron nan..." Ba ta ƙarasa ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kunya ta kama ni sosai. Na ba ta haƙuri a gaban duk wanda yake gidan, tunda a gaban mutane na ci mata fuska. Sannan na fito da tef na auna yaran bakwai ɗaya bayan ɗaya. Biyar kore, biyu rawaya. Habu kaɗai ne ja.

Da a shekarar ƙoshi ne, sai in ninka musu garin kowa ya sha. Babu. A hanyar komawa, cikin keke napep, dabara ta zo mini: abinci ake rabawa, amma ban taɓa ganin wanda ya miƙa kofi a zuba masa maganin wani ba. Na daka busasshen zogale na tankaɗe cikin garin har ya koma kore, ba kyan gani. Na roƙi nas wani farin bokiti mai murfi da ƙaramin cokalin awo na roba, ta rubuta sunan Habu a jiki da jan biro, safe, rana, yamma. Na tambayi Mama Saratu ko wannan ba ƙarya ba ce, mu da muke aikin Ubangiji. Ta ce in tambayi nas ko tana da wani maganin da ya fi wannan a akwatinta. Nas ta ce ba ta da shi.

Washegari na koma Chaza. Ban ba Binta ba, gaban Hajiya na dire bokitin, na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, na ce magani ne daga nas, na Habu ne shi kaɗai, kuma ana son babba ya riƙa ba shi don kada a yi kuskuren awo. Hajiya ta buɗe murfin, ta duba, ta dube ni tsawon lokaci. Sai ta rufe ta ce, "To. A kawo mini angon nawa."

Daga ranar Habu ya samu kaka. Ita take damawa a ɗakinta, ta ɗora shi a cinya, tana ba shi tana tsiya, wai wane irin miji ne wannan da ko kuɗin cefane ba ya bayarwa sai ci, in bai yi ƙiba ba za ta kai shi ƙara wajen alƙali. In sauran yaran suka matso da kofuna sai ta yamutsa fuska ta ce ɗaci ne da shi kamar maɗaci, wanda ya sha kuma allura ce za ta biyo baya. Sai su watse. Ledar Binta kuwa na bar mata ita yadda take, ta dama ta raba da yaran gida, ta sha abin da ya samu, na ƙara mata da ɗan abin da zan iya.

Mako na farko kumburin ya saɓe, nauyin ma ya ɗan ragu, na tsorata, nas ta ce ruwa ne ya fita, haka ake so. Mako na biyu allura ta motsa. Na uku ta ƙara. Ranar da tef ya shiga rawaya, Habu ya kama gashin nas ya ja da ƙarfin da sai da ta yi ƙara, matan layi suka yi ta dariya. Na saci kallon Binta. Ta juya baya tana kallon titi kamar ba ɗanta ba, amma kafaɗunta suna rawa. Na yi murna ranar, har na manta wake a wuta.

Da kaka ta zagayo aka samu amfani, wata Laraba aka ce ana sallama da ni a bakin titi. Hajiya Asabe ce a cikin keke, ba ta sauko ba, ga buhu a gefenta. Na gaishe ta, ta nuna buhun da haɓa.

"Gyaɗa ce. A sa a maganin. Na bara gyaɗarsa ta yi kaɗan, kuma sau biyu kin ƙona waken."

Ta ce shekara talatin ta yi tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kaskon da na gani a kife nata ne, tun kafin ta ɗaga murfin bokitin hancinta ya gaya mata abin da ke ciki. Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba.

"'Yar nan, uku daga cikin masu kofin nan jikokina ne. In na ce kunu ne, da wane baki zan hana su? Ke kika ce magani ne, ni kuwa ba na musu da ma'aikata."

Ta ce wa mai keke su tafi.

Tun daga lokacin, duk wadda ta kawo yaro, kafin in ɗaura mata leda sai na tambaya: na fari ne? Yara nawa ne a gidan? Akwai tsohuwa? Wannan ma cikin aikin yake, daidai da tsinta da suya. Fararen bokitai yanzu muna da su sun fi goma. Da Blessing ta ji labarin nan, washegari ta zo da silifas maimakon takalminta mai tsini, ta yanke farce, muka ɗauki tef muka nufi Hashimi. Na gargaɗe ta tun a hanya, in mun shiga ta fara gaida tsofaffi kafin ta buɗe baki.

Hajiya ta rasu shekarun baya, amma buhun bai daina zuwa ba, 'ya'yanta suke aikowa duk kaka. Na bana Habu ne ya sauke shi daga keke a kafaɗa ɗaya, ya fi ƙofar kicin ɗinmu tsawo, sai da ya sunkuya. Binta tana biye da shi, ta yi jiki, da 'yar autarta a hannu. Na ɗauko wani tsohon kati da biro, na gyara murya na ce, Malama, wannan ƙaton da kika kawo mana, yaya sunansa?

Ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya.

"Tambaye shi mana, Anti. Ai yanzu yana da baki."